Na kai mutum sama da 200 Yankari, sharhi 6 kacal gare ni a Google

Dan_Rijiyar_Zaki
Assalamu alaikum jama'ar gida, da fatan an tashi lafiya. Wata damuwa ce ta kawo ni, kuma na san akwai waɗanda suka riga ni shiga harkar nan a zauren.

Shekara uku ke nan ina haɗa tafiya daga Kano zuwa Yankari. Bas ɗaya ce mai cin mutum 18, ita ma hayarta nake yi. Mu tashi Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu kwana Bauchi, Asabar da sassafe mu ɗauki hanyar Gombe, mu karkata a Dindima, mu shiga ta ƙofar Mainamaji, mu kwana a masaukin Wikki da ke cikin dajin, Lahadi mu juyo gida. Jiya na duba littafina, waɗanda na kai sun haura 200. Amma shafina na taswirar Google sharhi 6 ne kawai a kansa. Biyar tauraro biyar-biyar suka ba ni, sai dai ba abin da suka rubuta illa "Masha Allah" da "Allah ya ƙara buɗi". Na shidan wani bawan Allah ne da ya ba ni tauraro biyu, ya zauna ya zuba rubutu kamar wasiƙa, wai ya biya kuɗinsa don ya ga giwa, sai aka nuna masa birai da gadu.

Makon jiya wata Hajiya daga Abuja ta so kama wa ma'aikatan ofishinsu kujera 12. Mun gama magana, har na tura lambar asusu don kafin alƙalami, sai ta ce bari ta ɗan duba ni a intanet. Tun daga nan shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Yanzu wani yaro ya ce in ba shi wani abu, cikin mako guda zai zuba mini sharhi 50 masu tauraro biyar. In karɓa? In kuma a'a, ta yaya ake sa mutanenmu su yi rubutu? Kuma akwai hanyar goge na mai tauraro biyun nan?

Sadiq_Kwamfuta
Wa alaikumus salam. Bari in fara da ta ƙarshe don ta fi sauƙi: ba za ka iya gogewa ba. Wanda ya rubuta ne kaɗai yake da ikon cirewa ko gyarawa. Kai iyakarka ka kai ƙara wurin Google, su kuma ba sa cirewa sai in akwai zagi, ko batsa, ko talla, ko ya tabbata mutumin bai taɓa hulɗa da kai ba. Wannan kuwa ya hau motarka, kuma da gaske bai ga giwar ba. Abin da ya rage maka shi ne ka ba shi amsa a ƙarƙashin rubutunsa. Ka amsa kuwa?

Dan_Rijiyar_Zaki
Ban amsa ba wallahi. Na kira shi a waya dai, muka rabu dutse a hannun riga.

Malam_Tudun_Wada
Ɗan'uwa, batun yaron nan ka rufe shi tun bai yi nisa ba. Malaman fiƙihu suna da suna ga irin wannan, najashi. Shi ne mutum ya tsaya a kasuwa yana ƙara wa kaya kuɗi ko yana zuzuta su alhali ba saye zai yi ba, don kawai ya ruɗi mai saye na gaske. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana. Ga kuma hadisin da ke cikin Muslim, cewa wanda ya algushe mu ba ya cikinmu. Mutum 50 da ba su taɓa taka Bauchi ba su ce sun je sun ji daɗi, in ba shaidar zur ba mene ne sunansa? Hajiyar da za ta turo kuɗin mutum 12 saboda ta karanta su, da yardarta ta ba ka ko da yaudara?

Bebeji_Boy
Malam Allah ya gafarta, maganarka dutse. Amma fa mu faɗa wa kanmu gaskiya, rabin masu sayar da turare da atamfa a Instagram haka suke yi. Mutum yana aikinsa tsakani da Allah, mutum ɗaya mai baƙin rai ya ɓata masa suna, shi kuma ya naɗe hannu? Ni a ganina in ya sa goma kawai su danne wancan, ba wanda ya cuta.

Sadiq_Kwamfuta
@Bebeji_Boy, ko an ajiye maganar Malam gefe, a lissafin kasuwa ma asara ce. Shafin da ya shekara uku da sharhi 6, dare ɗaya ya wayi gari da 50, duk daga asusun da aka buɗe jiya, duk daga waya biyu ko uku a unguwa ɗaya? Irin abin da na'urorinsu suke farauta ke nan. Su share su, wani lokaci su haɗa da na gaskiyar, ko su dakatar da shafin gaba ɗaya. Yaron ya ci kuɗinsa ya yi gaba.

A waje ma abin ya wuce wasa. A 2018 wata kotu a Lecce ta ƙasar Italiya ta ɗaure wani mutum wata tara saboda sayar wa masu otal da gidajen abinci sharhin ƙarya a TripAdvisor, shafin da matafiya suke rubuta sharhi. A Amurka hukumar da ke sa ido kan cinikayya ta fitar da doka a 2024 da ta haramta saye da sayar da sharhin bogi, da tara mai nauyi.

Bebeji_Boy
To ai ni ma na san labarin ɗan jaridar nan na Landan da a 2017 ya mayar da 'yar rumfar bayan gidansa gidan abinci na ɗaya a TripAdvisor a duk birnin, alhali ko cokali bai taɓa sayarwa ba. Abokansa ne suka yi ta rubutawa. Ina na'urorin suke a lokacin?

Sadiq_Kwamfuta
Gaskiya ne, an yi haka. Amma shi ba fasinja zai ɗauka ya kai daji ba. Ɗan'uwanmu sai ya haɗa ido da mutanen kwana biyu a mota ɗaya.

Dan_Alkaleri
Ku dakata tukuna, duk kun tsallake tambayar da ta fi muhimmanci. @Dan_Rijiyar_Zaki, wane wata ka kawo mutumin? Sannan wane hoto ne a jikin tallarka?

Dan_Rijiyar_Zaki
Agusta ne, lokacin hutun makaranta. Hoton kuma… garken giwaye ne a bakin ruwa. A intanet na samo.

Dan_Alkaleri
To ka gani. Ka yi haƙuri ƙanena, mai tauraro biyu ya fi ka gaskiya.

Ni a nan aka haife ni, na yi shekaru ina bin baƙi cikin dajin nan. Yankari ba gidan zu ba ne. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, daga ƙofa zuwa Wikki kaɗai sai ka ci kilomita 40 da wani abu. Giwayen da suka rage a ciki ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, kuma suna cikin mafi yawa da suka rage a Najeriya, amma ka raba wannan adadi a wannan faɗin ka gani. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa yana kwance a kowane kwari, dabba ba ta da dalilin zuwa inda mota take bi. Wasu giwayen ma sukan fita har gonakin mutane, wanda shi ne rigimar da manomanmu suke fama da ita duk shekara. Da rani ne, musamman daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, idan ciyawa ta bushe ruwa ya janye, komai yake gangarowa Kogin Gaji: giwa, ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza. Ko a lokacin ma ba wanda zai rantse maka. Na taɓa fita sau huɗu a jere ban ga ko kashinta ɗanye ba, na kuma taɓa tarar da su sun tare hanya kafin mu yi minti 20 da barin masauki.

Saboda haka in ka kawo mutum a Agusta da hoton giwa a hannu, kai ka rubuta masa sharhin nan da kanka, shi sa hannu kawai ya yi. Abin da yake hannunka ka sayar. Ruwan Wikki yana nan rani da damina, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, garau har kana ganin yashin ƙasa. Kogunan dutse na Marshall suna nan. Rijiyoyin Dukkey suna nan. Tsuntsaye sama da iri 350. Giwa kuma ka ce musu rabo ce, ka faɗi watan da rabon ya fi yawa. Wanda ka ce wa "wataƙila" ya gani, zai yi ta ba da labari har jikokinsa. Wanda ka ce wa "tabbas" bai gani ba, ka ga abin da ya yi maka.

Dan_Rijiyar_Zaki
Yaya na karɓa. Ta yi zafi amma na karɓa.

Maman_Ilham
Ni ba 'yar kasuwa ba ce, cikin masu biyan kuɗin nake, bari in faɗa muku abin da muke nema in mun buɗe shafi irin naka.

Bara na so kai yarana huɗu da ƙanwata irin wannan tafiya, da wani mai haɗa tafiya daban, ba zan kama suna ba. Na karanta duk abin da aka rubuta a kansa, yabo ne tun daga sama har ƙasa, amma ba wanda ya amsa mini ko ɗaya daga abin da ke raina. Ana tsayawa sallah a kan lokaci? Inda ake tsayawa a hanya akwai banɗaki da mace za ta iya shiga? Direban yana gudu? In an je ruwan, mu mata yaya za mu yi, cikin maza za mu shiga? Yaro ɗan shekara biyar zai jure zaman motar? "Masha Allah" ba ta gaya mini ko ɗaya. Da na ga mace ɗaya ta rubuta "na je da yarana, an tsaya mana sallah, an kai mu ruwa da sassafe kafin jama'a su cika", wallahi da a ranar zan biya. Ƙarshe fasawa na yi.

Sannan ka san halinmu. Mutumin da ya ci abinci tare da kai, ya bi ka sallah, ba zai iya zuwa bainar jama'a ya rubuta aibinka ba, kunya ba za ta bar shi ba. Shi ya sa ko dai ya yi maka addu'a ya wuce, ko ya yi shiru. Shirun nan na mutum 190 da wani abu, kada ka ɗauka duk gamsuwa ce. Wasu a gida suke faɗin nasu, kuma can ne ake yanke maka hukunci, a wurin suna da biki.

Dan_Rijiyar_Zaki
Hajiya, abin mamaki duk waɗannan ina yi. Matan da ke cikin tafiya ina tashinsu bayan asuba su riga kowa zuwa ruwa, matata ke raka su in tana nan. Ban taɓa tunanin abin faɗa ba ne.

Maman_Ilham
To ai kuwa shi ne abin sayarwarka, kana zaune a kai kana tallar giwar wasu.

Alhaji_Zongo_Tamale
Salamu alaikum daga Gana. Ni ina kai baƙi gandun dajin Mole daga Tamale, shekara tara yanzu. Namu ya ɗan bambanta, don yawancin baƙina Turawa ne da 'yan Ankara babban birninmu, su kuwa kafin su sayi tikitin jirgi sun gama karanta ka a TripAdvisor. Amma abin da na koya zai yi maka amfani.

Da farko lokaci. Da nakan bari sai sun koma gida in tura saƙo, cikin goma da ƙyar ɗaya ya rubuta. Mutum ya koma aiki, ya manta da kai. Yanzu a hanyar dawowa nake yi. In mun fito daga dajin mun tsaya Larabanga sun ga tsohon masallacin, muka kama hanyar Damongo inda sabis yake da ƙarfi, kowa yana duba hotunansa yana dariya, a nan nake magana. Na buga lambar nan mai murabba'i da ake haskawa da kyamara, na manna a bayan kowace kujera, tana kai mutum kai tsaye inda zai rubuta. Wanda ba shi da data in kunna masa tawa.

Na biyu, ba na cewa "ku yi mini sharhi". In ka ce haka za su rubuta kalma biyu. Tambaya nake yi: me ka gani yau da ba ka taɓa gani ba? Me ka so a ce an gaya maka kafin ka taso? Amsar ita ce sharhin.

Na uku, ina roƙonsu su ambaci wata da sunan jagoran da ya shiga da su. A Mole da ƙafa ake shiga da safe, ma'aikaci mai bindiga yana gaba, kuma baƙo ba ya manta mutumin da ya tsayar da shi taku kaɗan daga giwa. In an ambaci sunansa, gobe in na zo da baƙi shi da kansa yake neman mu.

Amma in faɗa maka gaskiya, giwayen Mole suna saukowa tafki a ƙasan masauki da rani, kana zaune kana kallonsu. Aikina ya fi naka sauƙi a wannan fannin.

Kanwar_Soja
Ni dai abin da zan rubuta in na je Yankari shi ne birai. Tauraro ɗaya ga gwaggon birin da ya fizge mini ledar burodi a hannu, ya hau mota ya zauna yana ci yana kallona 😭

Dan_Alkaleri
Hahaha, Anti ai gaisuwar baƙunta ce. Sun san ƙarar leda fiye da yaran gida. Kada ki bar taga a buɗe, kada ki riƙe abinci a fili, kuma kada a ba su da hannu, masu ba su ne suka lalata su. Gadun ma da kuke gani suna kiwo a durƙushe a tsakar masauki, a bar su, ba tumaki ba ne.

Bebeji_Boy
Wai har yanzu akwai zaki a ciki kuwa? Kakana ya ce a zamaninsu ana jin rurinsu daga ɗaki.

Dan_Alkaleri
Sun ragu ƙwarai. Wanda ya sa maka zaki a talla, riƙe kuɗinka.

Issa_Yamai
Gaisuwa daga Nijar. Na karanta duka, ina so in ƙara wani abu da ba daɗi.

Ni ina cikin masu kai baƙi Kure ganin raƙuman dawa, wajen kilomita 60 daga Yamai. Irinsu su ne suka rage a duk Afirka ta Yamma. A 1996 ba su fi 50 ba, aka yi ta aiki da mutanen ƙauyuka har suka haura 600. Kuma mu ba mu da matsalarku ta "ban gani ba", don suna yawo ne cikin gonakin mutane, jagora ya san inda suka kwana. Sharhinmu a intanet kamar an wanke, kowa yabo.

Ran 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida masu aikin agaji da 'yan Nijar biyu, direba da jagora. Daga ranar, duk taurarin nan ba su ƙara kawo mana mutum ɗaya daga waje ba. Ofisoshin jakadanci suka shafa wa taswira ja, magana ta ƙare.

Abin da ya sa na kawo wannan: wanda ya gina kasuwarsa a kan baƙin waje da shafukansu, rana ɗaya za ta iya rushe shi. Abin da ya ɗan riƙe wasunmu shi ne 'yan gida, 'yan lakwal, wato ɗalibai, da iyalai, su kuwa ba TripAdvisor suke karantawa ba. Wani ya gaya wa wani ne. Kai da baƙinka 'yan Kano ne, kada ka raina wannan.

Maman_Ilham
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Kuma Malam Issa ya taɓo abin da na manta: tambayar farko da maigidana ya yi ita ce lafiyar hanya. Sharhin shekara biyu da suka wuce ba ya amsa wannan. Na watan jiya muke nema.

Sadiq_Kwamfuta
Wannan haka yake har a lissafin shafukan. TripAdvisor da kansu sun ce abu uku suke dubawa wajen jera mutane: kyawun sharhin, yawansa, da sabuntarsa. Biyu duk wata sun fi 50 a dare ɗaya sannan shiru.

Ummi_Dalibar_Kasuwanci
Bari in sa baki da abin da muka karanta a aji. Wani malami a Harvard, Michael Luca, ya bi gidajen abinci na birnin Seattle a shafin Yelp, ya gano ƙarin tauraro ɗaya yana ƙara ciniki da kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari. Abin da ya fi jan hankalina, tasirin a kan ƙananan masu zaman kansu yake, manyan kamfanoni masu rassa da kowa ya riga ya sani abin bai taɓa su ba. Wato irin su Yaya mai tambaya ne abin ya fi shafa.

Akwai kuma binciken wata cibiya a Jami'ar Northwestern da ya nuna mutane sun fi saye idan maki yana tsakanin 4 da 4.7, in ya kusa 5 cif sai su fara zargi. Don haka mai tauraro biyun nan ba lallai shi ya kori Hajiyar Abuja ba. Ina jin abin da ya kore ta shi ne shi kaɗai ya yi bayani, kuma ba a tanka masa ba.

Bebeji_Boy
Ƙanwata, Seattle fa kika ce. Mutumin Kurna da zai je Yankari ya san wani Yelp? Rabin fasinjojinsa ma na tabbata ba su san kalmar sirrin Gmail ɗinsu ba, mai shagon waya ne ya buɗe musu.

Ummi_Dalibar_Kasuwanci
Ban musa ba. Amma ba mutumin Kurna ne ya tafi da kujera 12 ba, 'yar Abuja ce.

Baba_Nguru
Ku bar tsoho ya ce wani abu. Ni tsuntsaye nake nuna wa mutane a fadamar Hadeja da Nguru, wajen Dagona, tun kafin a san wayar hannu. Masu zuwa wurina ba su da yawa, amma masu nisa ne, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu suke zuwa, lokacin da tsuntsayen Turai suke sauka. Su ba tauraro suke dubawa ba. Wanda ya zo yakan rubuta jerin duk abin da ya gani, da rana da wuri, ya sa a eBird, shafin masu kallon tsuntsaye, ko ya rubuta rahoton tafiyarsa, na bayansa ya karanta ya ce a nemo masa mutumin da ya nuna wannan. Ban taɓa roƙon kowa ya yabe ni ba. Jerin ne yake kawo su.

Shi ya sa nake ganin kai ma ka sayi littafi. Duk tafiya ka rubuta rana, da abin da aka gani, da ƙarfe nawa. Bayan shekara za ka iya ce wa mai tambaya: a Maris na shiga sau kaza, mun ga giwa sau kaza. Wannan ya fi hoton aro.

Mu nan damuwarmu ciyawar kachala ce da ta toshe hanyoyin ruwa, wani wurin da nake shiga da kwalekwale da yanzu sai dai kallo. Amma wannan zance ne na wata rana.

Hafsat_Kayan_Mata
Ni dabarar da ta yi mini aiki a kasuwancina: duk wadda ta rubuta mini sharhi ina rage mata wani abu a saye na gaba. Ka gwada, ka ce duk wanda ya rubuta za ka cire masa kuɗin abincin tafiya ta gaba. Kuma ka tura wa waɗanda ka san sun ji daɗi kawai, masu ƙorafi ka ƙyale su.

Sadiq_Kwamfuta
Hajiya Hafsat, duka biyun sun saɓa ƙa'idar Google. Ba a ba da kuɗi ko rangwame ko kyauta don a rubuta, kuma ba a tace mutane a roƙi masu yabo kaɗai. TripAdvisor ma sun hana ba da lada. A sitatus ɗinki na WhatsApp ba mai hana ki, amma shafinsu dokarsu.

Malam_Tudun_Wada
Ni a wurina rangwamen bai kai na farko muni ba, tunda mutumin ya je da gaske. Sai dai bakin da ya ci shi ke kunya, ba zai iya faɗin aibi ba. Tacewar ce ta fi damuna, don ɓoye aibin kaya ne da wani salo.

Hafsat_Kayan_Mata
To Malam, ni dai ban taɓa sa kowa ta yi ƙarya ba. Kuma a gaskiya saƙon murya ya fi yi mini aiki a kan duk wani rubutu. Mace ta yi minti ɗaya tana bayani da bakinta, in nemi izininta in ɗora a sitatus, a ranar ake saye. Mutanenmu sun fi yarda da murya.

Alhaji_Zongo_Tamale
Wannan gaskiya ne, 'yan zongo ma haka suke. Amma izinin nan a riƙe shi da kyau. Na taɓa ɗora hoton wasu iyali a bakin tafki ban tambaya ba, maigidan ya kira ni, ban ji da daɗi ba. Musamman hoton mata a wurin ruwa, kada ma ka fara.

Dan_Rijiyar_Zaki
Na gode ƙwarai jama'a. Yaron na sallame shi. Ga amsar da na rubuta wa mai tauraro biyu, ku duba mini kafin in ɗora:

"Malam, mun gode da sharhinka. Amma ka sani giwa dabbar daji ce, ba mu muke kiwonta ba, kuma duk sauran fasinjoji sun ji daɗi, kai kaɗai ka yi ƙorafi. Allah ya sa mu dace."

Maman_Ilham
A'a a'a. "Kai kaɗai ka yi ƙorafi"? Da na karanta wannan zan ce haka za a yi mini in na samu matsala. Ka tuna ba shi kake rubuta wa ba, ya riga ya tafi. Ni da Hajiyar Abuja kake rubuta wa. Ka ce: Malam ka yi gaskiya, mun sa hoton giwa a talla alhali a Agusta ganinta yana da wuya, laifinmu ne da ba mu yi maka bayani ba. Mun cire hoton, yanzu muna gaya wa kowa watannin da aka fi gani. Ka tsaya a nan.

Bebeji_Boy
Ya amsa laifi a bainar jama'a? Gobe kowa ya zo yana neman a mayar masa da kuɗinsa.

Dan_Alkaleri
Ba wanda ya ce ya mayar da kuɗi, an kai mutumin an dawo da shi lafiya. Ni da zan ƙara layi ɗaya: in Allah ya kai mu Maris ka dawo mu sake gwadawa. Ba alƙawari a ciki.

Ummi_Dalibar_Kasuwanci
Tambaya: da wane harshe za a riƙa rubutawa? In duk Hausa ne, 'yan Legas da baƙin waje fa?

Sadiq_Kwamfuta
Kowa ya rubuta da wanda ya fi iyawa. Google yana fassara sharhi da kansa zuwa harshen wayar mai karatu, ko da yake in aka zuba karin magana sai ya kwaɓa. In ka tilasta wa mutum Turanci za ka koma gidan jiya, kalma biyu zai rubuta ya gudu. Kai dai amsarka ka yi ta da harshen da aka yi maka magana.

Dan_Rijiyar_Zaki
Bayan kwana 12, ga inda aka kwana. Na ɗora amsar kamar yadda Maman Ilham ta gyara, da layin Yaya na Alkaleri. Mutumin bai ce komai ba, tauraronsa biyu suna nan. Na cire hoton giwar, na sa na ruwan Wikki da na ɗauka da wayata.

Na bi tsofaffin fasinjoji ɗaya bayan ɗaya, ban tura a rukuni ba, kowa na kira sunansa na yi masa tambayoyin Alhaji na Tamale. Na tura wa 60, har da waɗanda na san mun ɗan samu saɓani. Tara sun rubuta a Google. Goma sha huɗu saƙon murya suka turo, wasu sun ce ba su san yadda ake shiga ba, Bebeji ka yi gaskiya a nan. Cikin taran akwai wata malamar makaranta da ta ba ni uku, ta ce mun ce ƙarfe biyu da rabi za mu tashi ba mu bar Kano ba sai bayan la'asar, muka shiga Bauchi da dare da yara a mota. Wannan ma gaskiya ne, jiran mutum biyu muka yi. Ban taɓa sanin abin ya ɓata mata rai ba, har godiya ta yi mini da muka rabu.

Hajiyar Abuja na sake tura mata gaisuwa, ta karanta ba ta amsa ba.

Bebeji_Boy
Ka gani ko, ka je neman yabo ka ƙaro tauraro uku 😂 Da ka bi ta yaron da yanzu kana da 56.

Maman_Ilham
Ni kuwa na malamar ne zan fara karantawa. Me ka amsa mata?

Dan_Rijiyar_Zaki
Ban amsa ba tukuna, ina tunanin ko in sa doka, wanda bai iso ba minti 20 bayan lokaci mota ta tashi. Amma in mutum ya biya kuɗinsa, kuma babba ne, yaya zan tafi in bar shi?

Alhaji_Zongo_Tamale
Ka rubuta a takardar da kake tura musu tun ranar biyan kafin alƙalami, sai ya zama ba kai ka bar shi ba. Ni sau ɗaya na yi, ya biyo mu a tasi har Damongo, kuma bai rubuta mini komai ba, mai kyau ko marar kyau.

Kanwar_Soja
Ni dai a ajiye mini kujera uku a tafiyar Maris, ta kusa da taga. Burodin a cikin jaka zan ɓoye shi wannan karon. @Dan_Alkaleri, zafin watan yara za su iya kuwa?

Dan_Alkaleri
Za su iya in an fita da sassafe an dawo kafin rana ta take, sauran yinin a ruwa za su ƙare shi. Ki taho da hula da ruwan sha mai yawa. Jakar ma ki rufe zif ɗin, sun iya buɗewa.